Marree, Ƙaramin Garin Hamadar Ostareliya da Ruwa da Raƙuma Suka Kafa: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan duk mutanen Ostareliya a bakin teku suke zaune, a birane irin su Sydney da Melbourne da Adelaide. Tsakiyar ƙasar kuwa fili ne fetal, rairayi da tsakuwa da tafkunan gishiri, inda mutum zai wuni yana tuƙi bai haɗu da mota goma ba. A cikin wannan faƙo akwai ƙananan garuruwa da suka ƙi mutuwa. Marree na cikinsu, kuma tarihinta ya shafi Musulmi fiye da yadda yawancinmu muka sani.

Ina Marree take, kuma mutum nawa ne a cikinta?

Tana arewacin jihar Ostareliya ta Kudu, fiye da kilomita 600 daga Adelaide, babban birnin jihar. Mazaunanta na dindindin ba su wuce mutum 100 da wani abu ba a shekarun nan, wani lokaci ma ba sa kaiwa. Akwai otal guda na dutse mai hawa biyu da aka gina a 1883, da shago mai sayar da mai da kayan masarufi, da makaranta, da ƙaramin asibiti, da filin saukar ƙananan jirage, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Daga nan ne manyan hanyoyin hamada guda biyu suke rabuwa: ɗaya ta yi arewa maso gabas zuwa Birdsville a jihar Queensland, tafiyar kilomita 517, ɗayar ta yi arewa maso yamma ta bi ta William Creek da Oodnadatta.

Me ya kai mutane wurin da ruwan sama ba ya sauka?

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Abin da ke sauka daga sama a Marree a matsakaici bai fi milimita 160 a shekara ba, wata shekarar ma a tashi da ƙasa da rabin haka. Amma a ƙarƙashin yankin akwai wata babbar ma'ajiyar ruwa da ake kira Great Artesian Basin, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato sama da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar baki ɗaya. Ruwan da ya sauka a tsaunukan gabashin Queensland shi ne yake tsatsowa cikin dutsen yashi a hankali, yana gangarowa kudu maso yamma. Kafin wani ya iso gefen Marree ya shafe sama da shekara miliyan ɗaya a hanya. A nan gefen ma'ajiyar ne yake ɓullowa da kansa, ya riƙa tara gishiri da ƙasa a bakinsa har wurin ya zama ɗan tudu, ruwa na ɓuɓɓuga a ƙoƙon tudun, ciyawa kore shar ta kewaye shi, alhali taku ashirin daga nan babu ko tsiro.

Waɗannan maɓuɓɓugai a jere suke, kuma 'yan asalin ƙasar, Arabana da Dieri da Kuyani, sun san kowane ɗaya da sunansa da labarinsa tun shekaru dubbai kafin zuwan Bature. Ta kansu suke bi idan za su je fatauci, har zuwa tsaunukan Flinders inda ake haƙo jar ƙasar da suke shafawa a bukukuwansu. Da John McDouall Stuart ya zo binciken hanya a 1859, wannan jerin ruwan ya bi. Wani Bajamushe da ke cikin tawagarsa mai suna Herrgott ne ya ci karo da maɓuɓɓugan da ke kusa da inda garin yake yanzu, sai aka sa wa wurin Hergott Springs. Wayar tangarahon da ta ratsa ƙasar daga kudu zuwa Darwin da ke gaɓar arewa a 1872 ita ma hanyar ta bi, daga baya layin dogo ya bi sawunta. An yanka filayen gari a 1883 da sunan Marree, amma bakin jama'a ya ci gaba da cewa Hergott har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da gwamnati ta bi sunayen Jamusawa tana gogewa.

Littattafai da yawa suna cewa Turawa ne suka gano ruwan. Gaskiyar magana, sun tarar da hanya ce da wasu suka riga suka tattake.

Su waye masu raƙuman da ake ta ambata a tarihin garin?

Doki da takarkari ba sa jure wannan ƙasa. Ƙishirwa na kashe su, tsakuwa na cinye musu kofato. Don haka Turawan mulkin mallaka suka juya ga raƙumi, irin wanda muka sani mai tozo ɗaya, suka kuma gane cewa raƙumi ba ya aiki sai da wanda ya san halinsa. A 1860 an kawo raƙuma 24 da 'yan masu kula da su domin tawagar Burke da Wills, masu binciken da suka yi yunƙurin ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa. A 1866 wani attajiri mai suna Thomas Elder ya sauke raƙuma sama da 100 da mutum 31, ya kai su gidan kiwonsa na Beltana, kudu da Marree. Daga nan ƙofa ta buɗe. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa daga wajen 1870 zuwa 1920 an shigo da raƙuma kusan 20,000 da masu jan akala aƙalla 2,000.

Turawa sun haɗa su duka sun kira su 'yan Afgan, amma ba duka ne daga Afganistan ba. Akwai mutanen Balucistan da Sind da Punjab da Kashmir, yankunan da yau suke cikin Pakistan da Indiya. Mafi yawansu Musulmi ne, da 'yan tsirarun Sikh da Hindu. Yawanci kwangilar shekara uku ake ɗaukar su, kuma ba sa zuwa da iyali.

Da jirgin ƙasa ya iso Marree a 1884, garin ya zama babban zangonsu. Jirgi zai sauke gari da sukari da ganyen shayi da kwanon rufi da wayar shinge, sai a ɗaure wa raƙuma, ayari ya kama hanya zuwa gidajen kiwo da ke nesa da kowane titi. A dawowa kuma su ɗauko dilolin ulu. Ayari ɗaya yakan kai raƙumi 70, da mutum huɗu ko biyar kacal. Kowane raƙumi an huda masa hanci an sa ɗan turken itace, siririyar igiya ta tashi daga nan ta ɗaure a jikin sirdin wanda ke gabansa. Da gangan ake sa igiyar marar ƙwari, domin idan raƙumi ya firgita ya fizga, ita ta tsinke, hanci ya tsira. Masu ayarin da kansu suke ɗinka sirdunan, suna cusa musu ciyawa, suna gyara su kusan kullum don kada kaya ya ji wa dabba ciwo a baya.

Ɗaya daga cikin waɗanda sunansu ya tsira shi ne Bejah Dervish, mutumin Balucistan. Shi ne ya kula da raƙuman tawagar Calvert da ta shiga hamadar yammacin ƙasar a 1896 ƙarƙashin Lawrence Wells, tafiyar da mutum biyu suka mutu da ƙishirwa a cikinta. Bayan nan ya zauna a Marree, ya dasa dabino, ya tsufa a garin, ya rasu a 1957.

Da gaske ne masallacin farko a Ostareliya a Marree aka gina shi?

Haka yawancin masu tarihi suke faɗa. Musulmi masunta daga Makassar ta Indonesiya sun riga su taka gaɓar arewacin ƙasar tun ƙarni na 18, amma su zuwa suke yi su koma, ba su bar gini ba. A shekarun 1880 kuwa akwai masallaci tsaye a Marree. Ba wani babban gini ba ne: gajeren bangon laka, ginshiƙan itace, rufin ciyawa, da ɗan kududdufi a gabansa inda ake alwala. Mutumin da ya yi wata biyu a hamada yana salla a kan bargo a gefen raƙuminsa, idan ya dawo zango nan yake samun sahu da 'yan'uwansa, nan ake buɗa-baki a watan azumi, nan ake sallar Idi.

Ginin asali bai kai zamaninmu ba. Wanda baƙo zai gani yau a tsakiyar garin, kusa da tsohuwar tasha, an sake gina shi ne a kan siffar na da domin tunawa da su. Babban masallacin Adelaide da aka gina a 1888 zuwa 1889, wanda har yau ake salla a cikinsa, shi ma kuɗin waɗannan masu raƙuma ne ya tsayar da shi.

Yaya zamansu ya kasance da sauran mutanen gari?

A nan labarin yake da ɗaci. Layin dogo ne ya raba Marree gida biyu. Turawa suna gefen da otal da gidan waya suke. Masu raƙuma suna ɗaya gefen, a unguwar gidajen kwano da dabino da garken dabbobi, 'yan asalin ƙasa kuma a can bayan gari. Har maƙabarta an kasa ta, kowane jinsi da ɓangarensa.

Turawa masu keken shanu sun tsane su, domin raƙumi ya fi arha, ya fi sauri, kuma fari ba ya tsayar da shi. Aka yi ta rikici a bakin rijiyoyi, jaridu suka yi ta zuga. Da jihohin ƙasar suka haɗe a 1901, ɗaya daga cikin dokokin farko da majalisa ta yi ita ce ta taƙaita shigowar waɗanda ba farar fata ba. Jami'i zai karanta wa mutum kalma 50 a kowane harshen Turai da ya ga dama, ya ce ya rubuta, idan ya kasa a hana shi shiga. Dokar 1903 kuma ta hana 'yan Asiya zama 'yan ƙasa. Ke nan mutumin da ya yi shekara ashirin yana kai wa gidajen kiwo abinci, idan ya je gida ganin mahaifiyarsa yana iya rasa hanyar dawowa. Wannan zalunci ne, kuma an yi shi ga mutanen da ba don guminsu ba da yawancin waɗannan gidajen kiwo ba su zaunu ba.

Da yawa sun koma ƙasashensu. Waɗanda suka tsaya wasu sun auri mata 'yan asalin ƙasa, wasu sun auri Turawa. Shi ya sa a Marree da garin Port Augusta da ke kudu da Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar za ka tarar da iyalai masu sunan Khan ko Dadleh ko Bejah waɗanda suke da jinin Arabana ko Dieri, suna kuma alfahari da kowane ɓangare. Addini bai daɗe a hannun yawancin jikoki ba, tun da babu malamai kuma babu sababbin zuwa, amma girkin kakanni da sunayensu da kaburburansu suna nan, ana kula da su.

Su kuwa 'yan asalin ƙasa, nasu ya fi na kowa tsanani. Shanu da tumaki suka tattake maɓuɓɓugansu, aka ƙwace ƙasa, cututtuka suka rage su, daga baya suka zama leburorin kiwo da na layin dogo a kan ƙasar kakanninsu. Sai a 2012 kotu ta tabbatar wa Arabana haƙƙinsu na gado a kan wani yanki mai faɗi da ya haɗa da babban tafkin da ke arewa da garin.

To ina raƙuman suka tafi?

Mota ce ta kashe sana'ar. Daga shekarun 1920 manyan motoci suka fara shiga hamada, kaya ya ragu, raƙumi ya zama nauyi a wuyan mai shi. A 1925 jihar ta yi dokar da ta ba da damar harbe raƙuman da aka samu suna yawo ba rajista. Masu su da yawa ba su iya tsayawa su ga haka ba, sai suka kwance akala suka kora su daji. Suka hayayyafa, har Ostareliya ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan raƙuman daji a duniya. Yanzu suna ɓarna a wuraren ruwa da shingaye, kuma tsakanin 2009 da 2013 an kashe kusan 160,000 a wani shiri na gwamnati. A Marree dai ana yin tseren raƙuma a watan Yuli, kuma lokacin ne jikokin masu ayari suke taruwa daga garuruwa daban-daban.

Me ya faru da jirgin ƙasan?

Shi ya raya garin, tafiyarsa kuma ta kusa kashe shi. Siririn layin da ya taso daga Port Augusta ya iso Marree a 1884, ya kai Oodnadatta a 1891, ya tsaya nan shekara da shekaru kafin ya isa Alice Springs a 1929. A tsakanin nan raƙuma ne suke ƙarasa tafiyar. Jirgin fasinjan da ke bin layin a lokacin shi ake kira Ghan, sunan da ake dangantawa da masu raƙuman. Ya yi suna wajen makara, domin gara na cin katakon layin, ambaliya na wanke gadoji, wani lokaci fasinjoji su kwana da yawa a daji suna jira.

A 1957 aka kawo layi mai faɗi daga kudu har Marree. Tun da layin arewa siriri ne, dole kowane fasinja da kowane buhu da kowace saniya a sauke su a nan a sake lodawa. Wannan ya kawo aiki sosai, garin ya cika da ma'aikatan reluwe da iyalansu. A 1980 aka buɗe sabon layi daga Tarcoola zuwa Alice Springs, can yamma nesa da ambaliya, kuma bai bi ta Marree ba. Cikin ɗan lokaci ma'aikata suka kwashe, gidaje suka zama kango. Tsofaffin kawunan jirgi suna nan tsaye a tashar, rana na cin fentinsu.

Me ya sa hanyar Birdsville ta yi suna haka?

Asalinta burtali ne. Makiyaya kan doki suna koro garken shanu daga Queensland zuwa tashar Marree, tafiyar makonni, ta cikin hamadar Tirari da hamadar tsakuwa ta Sturt. Don shanu su kai da rai, gwamnati ta haƙa rijiyoyin burtsatse a kan hanyar, kusan kowane kilomita 40 zuwa 50. Ruwan wasunsu yana fitowa da zafi kamar an sauke shi daga wuta, sai ya gudana a kwata ya huce kafin dabba ta sa baki.

Sai kuma mai kai wasiƙu, Tom Kruse, wanda ya fara bin hanyar da babbar mota a 1936. Duk mako biyu yake zuwa ya dawo, ɗauke da wasiƙu da magani da mai da kayan abinci. Idan ya iso tudun rairayi, sai ya sauko ya shimfiɗa faranten ƙarfe a gaban taya, ya hau su, ya sake kwasowa ya mayar gaba. Idan kogin Cooper ya kawo ruwa, yakan sauke kaya kaf, ya yi fito da su a ɗan kwalekwale zuwa wata motar da ke jira a ƙetare. Wani fim da aka yi a kan aikinsa a 1954 ya sa duk ƙasar ta san shi. Ya rasu a 2011 yana da shekara 96.

Hanyar ba ta da wasa. A ƙarshen 1963 wani iyali na mutum biyar, baƙi daga Ingila, suka ɓata a kanta, mai ya ƙare, suka bar motar suka kama tafiya a ƙasa cikin zafin bazara. Duka ƙishirwa ta kashe su.

Zafin wurin ya kai yaya?

Lokutan shekara a can a juye suke da namu. Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi, inda a watan Janairu awon rana yakan tsaya wajen digiri 38, kuma kwanakin da ya haura 45 ba baƙi ba ne. A Oodnadatta da ke maƙwabtaka aka auna digiri 50.7 ranar 2 ga Janairun 1960. A Yuni da Yuli kuwa rana da daɗi, dare da sanyi mai shiga ƙashi. Ga ƙudaje da ba sa barin fuska, shi ya sa baƙi suke sa raga a kan hula.

Idan mutum ya kamu da ciwo fa? Yara kuma ina suke karatu?

Akwai ma'aikatan jinya a garin. Abin da ya fi ƙarfinsu sai a kira likitocin jirgin sama, hukumar da wani limamin coci mai suna John Flynn ya assasa a 1928. Jirgi zai taso daga Port Augusta ya ɗauki marar lafiya. A gidajen kiwo na nesa kuma akwai akwatin magani da aka sa wa kowane magani lamba. Uwa za ta kira likita ta faɗi abin da ke damun yaro, shi kuma ya ce ta buɗe akwati ta ɗauki lamba kaza, ta ba shi kaza. Da ta rediyo ake wannan, har da irin wadda ake murza feda da ƙafa don ta samu wuta, yanzu kuwa ta waya.

Yaran gari suna da makarantarsu. Na gidajen kiwo kuma daga gida suke ɗaukar darasi, da ta rediyo, yanzu ta intanet, daga makarantar nesa ta Port Augusta da aka buɗe a 1958. Idan sun kai sakandare yawanci sai makarantar kwana a birni, kuma ba duka ne suke dawowa ba.

An taɓa gwada noma?

An gwada. Kilomita 55 kudu da Marree akwai Farina, garin da aka kafa da burin alkama bayan 'yan shekaru na damina mai kyau. Fari ya dawo, yanzu kufai ne, sai 'yan sa-kai da ke zuwa lokacin sanyi suna gyara bangaye. Gonar dabinon da gwamnati ta kafa a Lake Harry, arewa da gari, ita ma ba ta ɗore ba. Kiwo ne ya zauna. Shingen da aka ja na kilomita sama da 5,600 don tare karen dajin nan dingo yana wucewa ta arewacin Marree: tumaki a kudu da shi, shanu a arewa.

Da me garin yake rayuwa yanzu?

Da kiwo, da aikin gwamnati kaɗan, da baƙi. Babban abin da ke jawo baƙin shi ne tafkin Kati Thanda, wanda Turawa suka sa wa Lake Eyre. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 9,500, kuma shi ne wuri mafi ƙasa a ƙasar, wajen mita 15 ƙasa da bakin teku. Yawancin shekaru farin gishiri ne busasshe, mai taurin da har direban tseren mota Donald Campbell ya yi gudun kilomita 648 a sa'a a kansa da mota a 1964. Amma idan aka yi ruwa mai yawa a Queensland, kogunan Diamantina da Cooper sukan gangaro da shi, ya yi makonni ko watanni a hanya. Cikar da ta fi kowace a tarihin da aka rubuta ita ce ta 1974. Idan ruwan ya iso, kifi ya bayyana, kwasakwasa su zo dubbai daga nesa, otal ya cika, ƙananan jirage su wuni suna tashi da masu kallo.

Akwai kuma ƙaton zanen mutum da aka kafta a kan wani faƙo kilomita 60 yamma da garin, mai tsawon kilomita kusan uku, wanda wani matuƙin jirgi ya hango a watan Yunin 1998. Har yau ba wanda ya fito ya ce shi ya yi. Ya dusashe, aka sake fito da shi a 2016 da yardar Arabana.

Abin da ya fi damun masu kishin yankin shi ne ruwa. Rijiyoyin da aka bari suna kwarara shekara da shekaru, da ruwan da ake ja zuwa mahaƙar Olympic Dam, sun rage ƙarfin ma'ajiyar, wasu maɓuɓɓugai sun ja baya, wasu sun ƙafe. Dattawan Arabana sun daɗe suna kuka a kan haka, kuma kukansu yana kan hanya, domin ruwan da ya ɗauki dubban ƙarnuka kafin ya iso ba ya dawowa a rayuwar mutum ɗaya.

Wanda yake son zuwa, me ya kamata ya sani?

Ya zo tsakanin Mayu da Satumba. Daga kudu akwai kwalta, amma hanyar Birdsville da ta Oodnadatta burji ne da tsakuwa, kuma hukuma takan rufe su idan an yi ruwa, don haka a duba sanarwa kafin a tashi. A ɗauki ruwan sha na kwanaki fiye da lissafin tafiyar, da safaya biyu, da isasshen mai, da wayar tauraron ɗan'adam tun da sabis yana yankewa da an bar gari. A gaya wa wani inda za a je da ranar da ake sa ran isa. Idan mota ta lalace, a zauna kusa da ita a jira, domin mai nema daga sama ya fi saurin hango mota a kan mutum. Maɓuɓɓugai da tafkin wurare ne masu alfarma ga Arabana, a bi ƙa'idar da aka rubuta a bakinsu. Musulmin da ya je kuma ya tambayi mutanen gari hanyar maƙabarta, ya tsaya a ɓangaren masu raƙuma ya yi musu addu'a.